Yaranmu masu otizim da ADHD a makarantun Amurka: tambayoyin da iyaye ke ta maimaita mini

Salamu alaikum. Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne kullum, yau daga unguwar Bronx, gobe daga unguwar Harlem a birnin New York, jibi wata baiwar Allah ta kira daga Filadelfiya tana kuka, kuma wallahi bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Otizim lalura ce da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, ADHD kuma ta wahalar natsuwa da mayar da hankali ce. Ni ba lauya ba ce, raka iyaye mitin ɗin makaranta nake yi ina musu tafinta. Dokar da zan riƙa ambata ta tarayya ce, kowace jiha kuma tana da nata ƙarin a kai.

Nawa zan biya a gwada yarona?

Ko sisi. Dokar IDEA, wato dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman, wadda asalinta tun 1975 ne, ta ɗora wa makarantun gwamnati nauyin gwada yaro da ba shi ilimin da ya dace da shi kyauta, daga shekara 3 har 21. In bai kai 3 ba akwai shirin taimakon wuri na jiha, likitan yara zai tura ku.

Na faɗa wa malamar ajinsu ya fi a ƙirga, kullum sai ta ce mu ɗan jira.

Saboda da baki kika faɗa. Maganar bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara iska ce ke tafiya da ita. Ki rubuta, ko da layi uku ne: kwanan wata, sunan yaro, da cewa kina neman a yi masa cikakken gwaji don a ga ko yana buƙatar ilimi na musamman. Ki tura wa shugaban makaranta ta imel ki ajiye kwafi. Daga ranar da kika sa hannu a fom ɗin amincewa dokar tarayya ta ba su kwana 60, sai dai in jiharku ta sa nata wa'adin. In sun ƙi, dole su ba ki dalili a rubuce.

Ba ni da takardun zama, yaron zai samu taimakon?

Zai samu. Kotun Ƙoli ta yanke tun 1982 a shari'ar Plyler cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardu. In kina da fargaba a kan naki matsayin ki ga lauyan shige da fice, amma kar ki hana yaro haƙƙinsa don tsoro.

Surukata ta ce aljanu ne ko kambun baka, a kai shi rukiya.

A yi masa addu'a, ba mai hana ku, a kuma kai shi gwaji, addininmu ai ya ce a nemi magani. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɓoye yaro. A yi suna, a yi biki, a je sallar idi, an kwashi duk yaran gida an bar shi da yayarsa don kar ya toshe kunne ya yi ihu a gaban mutane. Haba Hajiya. Hayaniya ce ta yi masa yawa, ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ba wani laifi kika yi da aka jarrabe ki da shi ba.

Makaranta ce da kanta ta ce a gwada ɗana, ni kuma zuciyata na gaya mini don baƙar fata ne. In sa hannu ko in ƙi?

To, wannan ita ce mai wuyar, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya bai san abin ba. Malam, zarginka ba daga sama ya faɗo ba. A Kalifoniya an yi shari'ar Larry P., inda a 1979 alƙali Robert Peckham ya hana amfani da gwajin auna ƙwaƙwalwa na IQ wajen tura yara baƙaƙe azuzuwan da aka ware wa masu raunin fahimta, don an ga an cika azuzuwan da su fiye da kima. Har a 'yan shekarun nan alƙaluman ma'aikatar ilimi ta tarayya suna nuna yaro baƙi ya fi sauran yara yiwuwar a sa shi a rukunin matsalar ɗabi'a ko na raunin fahimta da kusan ninki biyu. A 2016 masu bincike na Jami'ar Yale ƙarƙashin Walter Gilliam sun nuna wa malaman makarantar ƙananan yara bidiyon yara suna wasa, aka ce su nemo mai shirin yin fitina alhali ba wanda ke yin komai, na'urar bin ido ta nuna yaron baƙi namiji suka fi zuba wa ido. A shekarar ce kuma aka fito da ƙa'idar da ta tilasta jihohi su auna wannan bambancin da ma'auni ɗaya, gundumar makarantun da aka samu ta wuce gona da iri ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin IDEA ɗinta don gyara, gwamnati ta so ta ɗage ƙa'idar, kotu ta ce a'a a 2019.

Amma fa akwai ɗaya gefen, kuma shi na fi gani da idona. Yaranmu sukan makara kafin a gane ainihin abin da ke damunsu. David Mandell da abokan aikinsa sun duba yaran da ke kan Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, a Filadelfiya a 2002, suka ga yaro fari ana gane otizim ɗinsa yana shekara 6 da 'yan watanni, baƙi kuwa sai ya kusa 8. Wani mai bincike, Paul Morgan, ya fitar da sakamako a 2015 cewa in ka jera yara masu maki iri ɗaya da halin gida iri ɗaya, baƙin ne ma ya fi rasa taimakon. Masana na ta ja-in-ja a kan wannan har yau, ni kam ina ganin duka biyun suna faruwa, wani sa'in a makaranta ɗaya: yaron da ya kamata a ce yana da otizim ko disleksiya, wato wahalar koyon karatu, a ba shi mai koyar da magana ko darasin karatu na musamman, sai a rubuta shi mai taurin kai, a yi ta korarsa gida. A rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) na 2023, wanda ya ce yaro 1 cikin 36 masu shekara 8 na da otizim, a karon farko adadin yara baƙaƙe ya ɗara na farare, alamar an fara gano waɗanda da ake tsallakewa.

Don haka yawanci, ban ce kullum ba, ina cewa a sa hannu a kan gwajin. Dalilina shi ne amincewa da gwaji daban, amincewa a fara ba shi ilimi na musamman daban, takardu biyu ne, ta farko ba ta ɗaure ka a kan ta biyu. Amma kafin ka sa hannu ka tambaya me suka gani, su ba ka misali da rana da abin da ya faru, ba “yana damun aji” kawai ba. Ka sa likita ya duba ido da kunne tukuna, yaron da ba ya jin malama sosai kamar mai raini yake. Ka rubuta a wasiƙarka cewa a gwada duk fannin da ake zargi, magana, karatu, otizim, natsuwa, ba ɗabi'a kaɗai ba. In yaron bai daɗe da zuwa daga Kano ko Zinder ko Kumasi ba, a nan kam sai a yi hattara sosai, doka ta ce a gwada shi da harshen da zai fi nuna abin da ya sani in hakan zai yiwu, kuma ƙarancin Turanci ba zai zama dalilin a ce yana da lalura ba. Sai dai samun mai gwaji da Hausa a Amurka ba ƙaramin aiki ba ne, sau da yawa da tafinta ake yi, to ka nemi a rubuta hakan a rahoton don a san yadda za a ɗauki makin.

In rahoto ya fito ba ka yarda da shi ba, kana da damar neman gwajin wani masani na waje da kuɗin gunduma, su kuma ko su biya ko su kai maganar gaban jami'in sauraron ƙara su kare nasu gwajin. Sannan sunan lalurar bai kai inda za a zaunar da yaron muhimmanci ba. Doka ta ce ya zauna da sauran yara iyakar yadda ya dace, a kawo masa taimakon cikin aji, sai in hakan ya gagara a ware shi. In sun ce ƙaramin aji na daban, ka tambaya me aka gwada a babban ajin bai yi ba, ka je ka ga ajin da idonka, ka tambaya ko wannan hanyar tana kaiwa ga cikakkiyar takardar kammala sakandare, don wasu hanyoyin ba sa kaiwa, iyaye kuma ba sa sani sai yaro ya girma. Akwai yaran da ƙaramin aji shi ne alheri a gare su, na ga waɗanda suka fara magana a ciki, ba kushe shi nake ba. Kana kuma iya janye amincewarka a rubuce daga baya, amma ka sani in ka janye duk taimakon zai tsaya, har da kariyar da yake da ita in an zo hukunta shi, to ba abin yi cikin fushi ba ne.

Allurar rigakafi ce ta jawo masa otizim?

A'a. Takardar binciken 1998 da ta haddasa wannan maganar mujallar likitanci ta Lancet ta janye ta a 2010, likitan da ya rubuta ta an soke lasisinsa a Ingila. 'Yan'uwanmu Somaliyawa na Minnesota sun ji tsoron allurar, a 2017 ƙyanda ta ɓarke a cikin yaransu. Ki kai shi a yi masa.

Kusan kullum sai sun kira ni a wurin aiki in zo in ɗauke shi.

Kuma kina ta zuwa kina ba su haƙuri, har aikinki na neman suɓucewa. 'Yar'uwa, duk ranar da suka kira ki tambaya: dakatar da shi kuka yi? In eh, a ba ki takarda. In a'a, to me ya sa zai bar makaranta? Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da lokaci da wanda ya kira. Yaron da ke da IEP, wato rubutaccen tsarin karatunsa na musamman, in za a fitar da shi fiye da kwana 10 na makaranta a jere, ko aka yi ta yi guntu-guntu har ya zama salo, dole a zauna da ke a duba ko abin da ya yi daga lalurarsa ne ko kuma makaranta ce ba ta bi tsarin ba. In haka ne ba a hukunta shi kamar sauran, sai a binciki abin da ke tunzura shi a tsara yadda za a taimaka masa, ban da 'yan lamura kamar makami ko ƙwaya ko ji wa wani mummunan rauni. Kuma don Allah in ya dawo gida kar a ɗauki bulala. Ba ta gyara wannan, kuma malaman nan doka ta wajabta musu kai rahoto in sun ga tabo a jikin yaro.

Sun ce sai ya sha maganin ADHD zai dawo aji.

Ba su da wannan hurumin, dokar ta hana tun gyaran 2004. Maganar magani tsakaninku da likita ne, yana yi wa yara da yawa amfani, amma ba makaranta ce za ta tilasta ba.

Mu daina yi masa Hausa a gida don kar ya rikice?

Kar ku daina. Harshe biyu ba ya jawo otizim, ba ya kuma hana yaro magana. In kun yanke masa Hausa da me zai gaisa da kakarsa a waya?

Maigidana ya ce mu mayar da shi gida wajen Inna ko zai natsu.

Na san daga ina wannan tunanin yake, gajiya ce da kunya da ganin a gida akwai hannuwa da yawa. Amma Alhaji ka yi lissafi. A nan doka ta ba shi mai koyar da magana da sauran taimako kyauta, Kotun Ƙoli ma a shari'ar Endrew F. ta 2017 ta ce ɗan ci gaban da bai taka kara ya karya ba bai isa ba, sai tsarin da zai sa yaro ya ci gaba daidai da halinsa. Najeriya ta sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019, amma masu irin wannan aikin kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane, kuma da kuɗi. Inna za ta so shi, wannan ba shakka, sai dai ajin da yara suka cika maƙil ba zai tsaya ya jira shi ba. Ku kai shi hutu ya ga dangi ku dawo da shi.

Ba na jin Turanci sosai, in tafi da babbar 'yata ta fassara mini?

A'a, kar ki ɗora wa yarinya wannan, ta zauna tana fassara miki laifuffukan ƙaninta a gaban malamanta. Makaranta ce doka ta ɗora wa samo tafinta a mitin ɗin IEP, ki nema tun kafin ranar, a rubuce, ki ce Hausa. Kina kuma da damar zuwa da wanda ya san yaron. Na san yadda ɗakin yake, mutum biyar ko shida sun zagaye tebur kowa da kwamfutarsa, suna magana da sauri, an turo takarda gabanki an manna ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa a inda za ki sa hannu, ke kuma kina ta gyaɗa kai don kunya. Ke ma cikakkiyar mamba ce a teburin nan, haka doka ta ce. Ki tambaya wannan takardar ta halarta ce ko ta amincewa, in ta amincewa ce ba ki gane ba ki ce za ki tafi da ita gida ki karanta. Kowace jiha tana da cibiyar horar da iyaye da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, kyauta suke ba da shawara, a birnin New York kuma akwai INCLUDEnyc da Advocates for Children of New York. Ki kira su tun da sauran mako biyu kafin mitin ɗin, ba daren da za a wayi gari a je ba.