Ma'anar "Bashin Rarar Tallafin Abinci" a Tsarin SNAP na Amurka

A al'ada, bashi yana hawa kan mutum ne idan ya karɓi rance ko ya ɗauki kaya da alkawarin biya daga baya. Amma a tsarin tallafin abinci na Amurka akwai wani bashi da kan hau kan magidanci ba tare da ya ranci ko kwabo ba, wani lokaci ma ba tare da ya yi kuskuren komai ba. Shi ne bashin rarar tallafi: kuɗin da hukuma ta ce an zuba wa wani gida fiye da abin da ya cancanta, don haka dole a maido da shi.

Shirin da ake magana a kai shi ne SNAP, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta tabbatar da shi a 1964, a lokacin da ake raba takardun sayen abinci, kafin a sauya masa suna zuwa SNAP a 2008. A yau ana zuba kuɗin ne duk wata a wani kati da ake kira EBT, kuma mutane sama da miliyan 40 suka riƙa cin gajiyarsa a 'yan shekarun nan. Kuɗin tallafin daga gwamnatin tarayya yake fitowa ta hannun Ma'aikatar Noma, amma jihohi ne ke karɓar takardun masu nema, su tantance su, su yanke adadin da kowane gida zai samu. Wannan rabon aiki shi ya sa idan aka biya fiye da ƙima, doka ke ɗaukar rarar a matsayin bashin gwamnatin tarayya, ta kuma ɗora wa jiha nauyin karɓo shi.

Ƙa'idojin tarayya sun kasa wannan bashi gida uku, kuma rukunin da aka sa mutum a ciki shi ke yanke kusan duk abin da zai biyo baya. Akwai saɓa doka da gangan, kamar ɓoye albashi, ko yin ƙarya game da yawan mutanen gida, ko sayar da kuɗin katin don a karɓi tsaba. Akwai kuskuren gida wanda ba da niyya ba, misali uwar gida da ta samu ƙarin sa'o'in aiki har abin da ke shigo mata ya haura iyakar da ya kamata ta sanar, amma ba ta fahimci cewa lokacin sanarwa ya yi ba. Sai kuma kuskuren hukuma, inda gidan ya kai dukkan takardunsa a kan lokaci, amma ma'aikaci ya manta bai shigar da su ba, ko na'ura ta yi lissafi ba daidai ba.

Rukuni na ukun nan ne ya fi ba mutane mamaki, domin hankali yana ba da cewa wanda ya yi kuskure shi ya kamata ya ɗauki asara. Dokar ba haka ta gani ba. Tun daga gyaran dokar walwala na 1996, jihohi sun sami ikon cire irin wannan bashi kai tsaye daga tallafin wata-wata ko da gidan bai yarda ba. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce dukiyar jama'a ce, kuma wanda ya ci abin da ba haƙƙinsa ba ya kamata ya mayar, ko ta wace hanya abin ya zo hannunsa. Hujjar tana da nata ƙarfin, sai dai tana mantawa da cewa abin da aka ba gidan abinci ne, an dafa an cinye tun watanni da suka wuce, kuma gidan da ke karɓar tallafi ba shi da ajiyar da zai zaro ya biya. Abin da zai biya da shi, abincin gobe ne.

Wajen lissafi, hukuma tana komawa ta sake ƙirga abin da ya kamata gidan ya samu a kowane wata, ta cire shi daga abin da aka ba shi, bambancin ya zama bashi. Dole ta koma baya aƙalla wata 12 daga ranar da ta gano matsalar, idan kuma da gangan ne sai ta koma har watan da abin ya fara, amma ba za ta wuce shekara 6 ba. Akwai wani ɗan ƙulli a nan da ke kumbura bashin. A ƙa'ida, ana yafe kashi 20 cikin 100 na albashi kafin a lissafa shi, sannan tallafi ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ya saura. To amma idan gidan ne bai sanar da albashin a kan lokaci ba, ba a yi masa wannan rangwame. A ɗauki misalin magidancin da ya samu aikin da ke kawo dala 1,000 a wata bai faɗa ba: da ya sanar, dala 800 za a ƙirga, tallafinsa ya ragu da kimanin dala 240, amma yanzu dala 1,000 za a ƙirga cif, bashin kowane wata ya kai kimanin dala 300, in aka ajiye sauran rangwamen haya da makamantansu a gefe.

Bashin ba a kan wanda ya cike takarda kaɗai yake ba. Duk baligin da ke cikin gidan a lokacin da aka yi biyan yana da alhakinsa, don haka ɗan da ya riga ya zama baligi a lokacin, daga baya ya bar gida, ko matar da aurenta ya mutu ta koma wata jiha, na iya samun wasiƙa bayan shekaru a kan kuɗin da ba su taɓa sanin an yi kuskure a kansu ba.

Hanyar karɓa da aka fi amfani da ita ga gidan da har yanzu yake cikin shirin ita ce rage tallafin wata. Idan kuskuren gida ne ko na hukuma, ana cire kashi 10 cikin 100 ko dala 10, duk wanda ya fi yawa. Idan da gangan ne, kashi 20 cikin 100 ko dala 20. Gidan da ke karɓar dala 500 a wata, aka ce ana bin sa dala 1,800, zai rasa dala 50 duk wata har tsawon shekara 3. Wanda ya riga ya fita daga shirin kuwa ana nemansa ya biya gaba ɗaya ko kashi-kashi, kuma idan ya yi watanni bai biya ba, ana miƙa sunansa ga Baitulmalin Amurka, wanda ke da ikon riƙe rarar harajin da za a mayar masa ko wani ɓangare na wasu kuɗaɗen da tarayya ke biyan sa. Ƙananan basussuka na dala 125 ko ƙasa da haka, a kan gidan da ba ya cikin shirin, jiha na iya ƙyale su, tunda kuɗin bin su na iya zarce su.

Tuhumar ganganci tana da nata matakin daban. Ma'aikaci ba shi da ikon yanke ta shi kaɗai. Sai an yi zaman sauraro na musamman an kawo hujja bayyananniya, ko kotu ta yanke, ko mutumin ya sa hannu a takardar da ke cewa ya haƙura da zaman. Wannan takarda tarko ce da kan iya kama baƙi da waɗanda Turancinsu bai nuna ba, domin sa hannu a kanta yana jawo hukunci daidai da na wanda aka tabbatar wa laifi: dakatarwa ta wata 12 a karon farko, wata 24 a na biyu, sannan ta har abada a na uku. Mai laifin kaɗai ake dakatarwa, amma gidan ne ke biyan kuɗin. Yana da kyau a san cewa jiha tana riƙe kashi 35 cikin 100 na abin da ta karɓo daga bashin ganganci, kashi 20 daga na kuskuren gida, ba ta riƙe komai daga nata kuskuren, wanda hakan ya sa lauyoyin marasa galihu ke sa ido sosai a kan rukunin da aka rubuta a wasiƙa.

Gidan da aka aiko wa wasiƙar bashi yana da kwana 90 ya nemi a saurare shi, ya ƙalubalanci adadin ko dalilin, kuma yana da damar duba takardun da aka yi lissafin da su. Jiha kuma tana da ikon rage bashin idan ta ga a halin da gidan yake ciki ba zai iya kammala biya cikin shekara 3 ba, ko da yake jihohi sun bambanta ƙwarai wajen amfani da wannan iko. Wani abin da ke da wuyar karewa shi ne rashin daidaiton ma'auni: idan hukuma ta tauye wa gida haƙƙinsa, wata 12 kawai take komawa baya ta cika masa, kuma idan ana bin sa bashi, daga cikon za a fara cirewa.

Batun ya ƙara zafi saboda alƙaluman kuskuren biya, waɗanda suka kai kashi 11.68 cikin 100 a shekarar kuɗi ta 2023 da kashi 10.93 a 2024. Waɗannan alƙaluma sun haɗa biya fiye da ƙima da biya ƙasa da ƙima, kuma ba ma'aunin zamba ba ne, duk da yadda ake yawan ambaton su a muhawarar siyasa. Dokar kasafi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta tanadi cewa daga shekarar kuɗi ta 2028, jihar da kuskurenta ya kai kashi 6 cikin 100 ko fiye za ta fara biyan kashi 5 zuwa 15 na kuɗin tallafin daga aljihunta, abin da jihohi ba su taɓa yi ba tun kafuwar shirin.