Kwamfuta ta ƙi tashi: karanta wannan kafin ka ce a fomate ta

Tun da bazara ta kama wuta ta fara zuwa tana komawa, babu ranar da zan buɗe shago ba a kawo mini kwamfutar da ta ƙi tashi ba. Ɗaliban jami'a, sakatarorin ofis, masu buga takardu na wajen kasuwar Dole, daga Birni har Zango, kowa da kukansa, amma tambayoyin ba su sake zani ba. Bakina ya gaji. Ga su a rubuce.

Malam, ta mutu ke nan?

A'a. In fitila na kamawa, fanka na juyawa, tambarin kamfani na fitowa a allo, da ranta.

To me ya same ta?

Akwai fayilolin da Windows ke karantawa kafin ta nuna maka komai. Ɗaya ya lalace ko ya ɓace, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Wani lokaci ta yi ta rubuta "Préparation de la réparation automatique" tana kashe kanta tana kunnawa, wani lokaci shuɗin allo da lamba irin su 0xc000000f, 0xc0000098 ko 0xc0000225. Waɗannan lambobi galibi suna nuni ga BCD, ɗan kundin da ke gaya wa na'ura inda Windows take kwance a cikin diski. Ɗauki hoton allon da wayarka. Kada ka zo mini da "wani rubutu ne ya fito". Wane rubutu?

Wallahi ni ban taɓa komai ba.

Kowa haka yake faɗa. Batirinka ya mutu tun bara, da caja kaɗai kake aiki, aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta kanta. Ko kuma ta rubuta maka ƙarara kada ka kashe, ka gaji da jira, ka danne maɓalli don za ka masallaci. Da ka bar ta ka tafi, da ka dawo ka tarar ta gama.

Abokina ya ce a fomate ta kawai, minti talatin an gama.

Fomatewa share diski ne a sake sa Windows. Abokin naka ne zai sake rubuta maka abin da ke ciki?

Kundina na kammala karatu yana ciki, ba ni da kwafi ko'ina, sati mai zuwa zan miƙa. Yaya zan yi?

Ƙanwata, share hawayenki. Mafi yawan lokuta takardun suna nan daram, Windows ce kawai ta kasa buɗe ƙofa. Na ce mafi yawan lokuta, ban ce kullum ba, kuma abin da za ki yi ya danganta da abu uku.

Da farko kasa kunne ki ji. In diskin tsohon yayi ne mai juyawa, kuma kina jin yana ƙas-ƙas, ko yana tashi yana tsayawa, kashe ta nan take. Wannan ba ciwon fayil ba ne, diskin kansa ne ke kan gargara, kuma duk kunnawar da kika ƙara kina rage masa kwana. A irin wannan hali ba na so kowa ya buga chkdsk, umarnin duba diski, duk da cewa shi ne abu na farko da za a ce ki yi, saboda yana bin diski lungu-lungu na awoyi, kuma mai jinya ba a sa shi noma. Sai an fara kwashe abin da za a iya kwashewa. Ko hakan ma ba na yi miki alkawari. SSD kuwa, wato diskin sabon yayi marar juyawa, ba ya kuka, shiru zai yi ya tafi, don haka rashin ƙara ba shaidar lafiya ba ce.

In babu ƙara, nemi kile USB guda biyu. Ɗaya mai aƙalla giga 8, a sa mata Windows daga wata kwamfuta mai lafiya. Ki sani duk abin da ke kanta zai goge. Ɗayar ta kwashe kaya ce. Soka ta farkon, kunna na'ura, ki yi ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ki zaɓi kilen. Allon girkawa zai fito. Kada ki taɓa "Installer maintenant". Nemi "Réparer l'ordinateur", sannan "Dépannage", sannan "Invite de commandes". Baƙin allo zai buɗe. Rubuta notepad, ki danna Entrée. A cikinsa je "Fichier", "Ouvrir", ki mayar da nau'in fayil zuwa "Tous les fichiers". Yanzu kina ganin diskinki kamar yadda kika saba. Shiga Users, shiga sunanki, danna dama a kan Documents ko Desktop, kwafa, ki liƙa a kile ta biyu. Ba zai nuna miki yadda aikin ke tafiya ba, zai yi kamar ya sandare. Bar shi. Wasu sun fi son tayar da na'urar da Ubuntu, wani tsarin da ba Windows ba, daga kile, su kwashe kaya da linzami. Duk ɗaya ne, wanda hannunki ya fi sabawa da shi.

Abu na uku shi ne wanda ke hana ni barci. In ta tambaye ki mabuɗin BitLocker, diskin a kulle yake, kuma mabuɗin lambobi 48 ne. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga na'urar da shi, sai ki duba ta waya. In kuwa ta hannu ce da aka sayo daga Kano da asusun wani a kai, ko ta ofis ce da wani ya saita ya bar aiki, to sai addu'a da neman mutumin. Ciro diskin a sa a wata na'ura ba ya buɗe wannan kulle, kuma duk wanda ya ce miki zai fasa shi da jaka biyu, kuɗinki yake so.

In an riga an fomate fa? Daina amfani da ita yanzun nan, kada ki ajiye ko hoto ɗaya. A diski mai juyawa akan tsamo wani abu in ba a rubuta sabo a kai ba. A SSD da wuya ƙwarai.

Na kwashe kayana. Sai me?

Madalla, yanzu muna iya magana. Fara da mai sauƙi. A "Dépannage" ɗin nan akwai gyaran tashi na kai tsaye, gwada shi. In ya kasa, gwada mayar da tsarin baya zuwa ranar da take lafiya, ko cire sabuntawar ƙarshe. Ba sa taɓa takardunka. In ba ka da kile ma, kashe ta da maɓalli tana cikin tashi sau biyu zuwa uku a jere yakan kai ka wannan allo. Wannan ne kaɗai wurin da na yarda ka danne maɓalli.

Umarnin da kuke bugawa a baƙin allo fa?

Ka fara gano harafin diskin. A nan Windows ba lalle ta kasance a C ba, sau da yawa tana komawa D. Buga dir C:\Windows, in babu, dir D:\Windows. A ce D ce, kuma diskin lafiyarsa ƙalau: chkdsk D: /f. Sannan sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows, shi ne mai duba fayilolin tsarin ya musanya lalatattu. In lambar BCD ce ta fito, bootrec /rebuildbcd, ko bcdboot D:\Windows. In bootrec /fixboot ya ce maka "Accès refusé", ba kai ka ɓata ba, haka yake yi a na'urori masu UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta. Tsaya nan ka kawo. Kada ka shiga diskpart, umarnin rarraba diski, kana gwaji. Kalma ɗaya a ciki, clean, tana share taswirar diski gaba ɗaya ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba.

Ina danna A tana rubuta Q.

Madanninka AZERTY ne, ka zaɓi na Amurka tun a allon farko. Koma ka zaɓi na Faransa. Alamar \ kuma AltGr da 8 ne.

Kwayar cuta ce ko?

Takan yiwu, tunda kilenka ba shagon buga takardun da ba ta kwana ba. Amma ɗaukewar wuta da tsufan diski sun fi kawo mini aiki.

An gyara, bayan sati biyu ta koma.

Fayil ba ya lalacewa sau biyu a banza. Ko diski ne, ko RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), ko zafi. Yaushe rabon da a buɗe ta a kakkaɓe ƙurar hunturu? Kuma ka daina ɗora ta a kan katifa. Mai ta tebur ya sayi ondila, akwatin nan mai batiri da ke riƙe wuta 'yan mintuna har ka kashe ta cikin mutunci.

Tawa Windows 7 ce, Alhaji ya ce ita ta fi ƙarko.

A gaishe da Alhaji. Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025. Zan tayar maka da ita, amma kada ka shiga asusun banki da ita.

Yaushe ne fomatewa ta halatta?

Bayan kayanka sun fita, ka buɗe su a wata na'ura ka gani da idonka, kuma duk na sama sun kasa.

Nawa ne aikin?

Sai na gani. Ka zo da cajarta, kuma ka tuno kalmar sirrinka tun daga gida.