Waiwaye: Yadda Yaƙi Ya Sa Marubutan Ingila Tambayar Kansu Su Wane Ne

Sau biyu a ƙarni na 20 yaƙi ya matse Turawan Ingila, kuma duk sau biyun marubutansu sun zauna lalubo amsar tambaya guda: wai wace Ingila ce ake cewa a mutu dominta?

A yaƙin duniya na ɗaya, a waƙe amsar ta zo. Mawaƙi Rupert Brooke ya rubuta a 1914 cewa in ya mutu a baƙuwar ƙasa, to inda aka binne shi ya zama Ingila har abada. Ingilarsa ta furanni ce da koguna da ƙauyuka kore shar. Ciwo ne ya kashe shi a jirgin ruwa a Afrilun 1915, kan hanyar zuwa fagen daga na Gallipoli a ƙasar Turkiyya. Waɗanda suka kwana cikin taɓo da hayaƙi mai guba a ramukan Faransa, irin su Wilfred Owen, baitocinsu ɗaci ne zalla.

Da yaƙin Hitila ya zo, sai labari ya sha bamban. Bayan an kwaso sojojin Ingila da na ƙawayenta kusan 338,000 da Jamusawa suka ritsa a Dunkirk, a gaɓar tekun Faransa, a 1940, marubuci J.B. Priestley ya shiga gidan rediyon BBC, bai yabi janar ko ɗaya ba. Ƙananan jiragen ruwa ya yaba, waɗanda aikinsu kai 'yan yawon shan iska bakin teku, sai ga su sun kutsa cikin wuta. Daga nan ya riƙa hira da jama'a a daren Lahadi bayan labaran ƙarfe 9, har masu ra'ayin riƙau suka fara gunagunin yana cusa wa talakawa aƙidar gurguzu.

A ganina dai George Orwell ne ya fi kowa taɓo inda ke ƙaiƙayi. Yana rubutu jiragen Jamus na ruwan bama-bamai kan Landan, littafin nasa The Lion and the Unicorn ya fito a Fabrairun 1941. Bai yi wa mutanensa kwalliya ba: ga lalatattun haƙora, ga shan shayi, ga kiwon tantabara da tara kan sarki, ga ƙin fankamar soja. Ya ce da sojan Ingila zai yi irin faretin Jamusawa na wurga ƙafa sama, dariya za a yi masa a titi. Ya kamanta ƙasar da babban gida, inda ake rusuna wa dangi masu kuɗi, a danne matalauta, ragama kuma tana hannun waɗanda ba su cancanta ba. Amma in baƙo ya taɓa gidan, kowa sai ya fito. A Yulin 1945 kuwa masu zaɓe suka kayar da jam'iyyar Firayim Minista Churchill, suka miƙa mulki ga Leba.

Shi Orwell, da yake ya yi aikin ɗan sanda a ƙasar Bama (Myanmar ta yau), ya zargi 'yan ƙasarsa da fuska biyu kan mulkin mallaka. Sauran marubutan galibi sun yi gum, suna ta rera cewa tsibiri ne ƙarami da ya tsaya shi kaɗai. Alhali kafin yaƙin ya ƙare, rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, cike da samarin da ake ba umarni da Hausa, suna can dajin Bama suna gwabzawa da Japanawa.