Where I Really Come From (kashi na 8 na shirin Invincible)

"Where I Really Come From" shi ne kashi na 8, kuma na ƙarshe, a zangon farko na Invincible, shirin katun na manya da ake nunawa a Amazon Prime Video. Ma'anar sunan ita ce "ainihin inda na fito". An sake shi a ƙarshen watan Afrilun 2021, ranar 29 ko 30 ga wata gwargwadon agogon ƙasar da mai kallo yake. Robert Kirkman, mai labarin na asali, shi ya rubuta kashin. An fi saninsa da abu uku: faɗan uba da ɗa, kisan fasinjojin jirgin ƙasa, da wani hoton barkwanci da masoya shirin suka yi ta yayatawa har ya isa ga waɗanda ba su taɓa kallonsa ba.

Asalin labarin

Invincible ya fara ne a matsayin mujallar labari mai zane, wadda kamfanin Image Comics na Amurka ya soma bugawa a 2003. Kirkman ya ƙirƙire ta tare da mai zane Cory Walker, daga baya Ryan Ottley ya karɓi alƙalamin zanen ya riƙe shi tsawon shekaru. An rufe ta a 2018 bayan fitowa 144.

Tun farko labarin yana shaguɓe ne ga sadaukan da Amurkawa suka tashi suna karantawa. Omni-Man, wato Nolan Grayson, baƙo ne daga wata duniya mai suna Viltrum, yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi. Ko yaro ya gan shi ya san Superman ake nufi, sai dai an ƙara masa gashin baki. Ƙungiyar Guardians of the Globe kuwa kwaikwayon Justice League ce, ƙungiyar su Superman, kusan mutum da mutum: Darkwing a madadin Batman, War Woman a madadin Wonder Woman, Red Rush mai gudu a madadin Flash, da Aquarus mai kan kifi a madadin Aquaman. Wannan kamanni tarko ne aka ɗana wa mai karatu. Sai ya saki jiki yana ganin ya san inda aka dosa, sannan Omni-Man ya tara 'yan ƙungiyar a hedikwatarsu ya karkashe su. A mujallar hakan ya faru a fitowa ta 7, arangamarsa da ɗansa kuma a ta 12. Da aka zo yin katun a watan Maris na 2021, sai aka jawo kisan zuwa ƙarshen kashi na farko, aka bar masu kallo makonni suna jiran dalili. Kashi na 8 ne ya kawo dalilin.

Abin da ya faru a kashin

Nolan ya faɗa wa ɗansa Mark, matashi ɗan shekara 17 wanda shi ne sadaukin da ake kira Invincible, cewa Viltrum daular mamaya ce, kuma an turo shi ne ya raunana duniya kafin a ci ta da yaƙi. Ya nemi Mark ya bi shi. Da yaron ya ambaci mahaifiyarsa Debbie, sai Nolan ya ce yana sonta, amma a wurinsa kamar dabbar da ake ajiyewa a gida take. Debbie na jin wannan magana daga cibiyar jami'an tsaro.

Mark ya ƙi. Faɗan ya kai su birnin Shikago, inda Mark ya yi ƙoƙarin tallafe wani bene da ke rushewa, ya kasa, aka bar shi riƙe da hannun matar da yake son ceto. Daga nan uban ya damƙe kan Mark, ya tsayar da shi a gaban jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni da ke tafe a guje, jirgin ya tarwatse a jikinsa tare da mutanen da ke ciki. A gefen wani dutse ya yi masa dukan kawo wuƙa, yana tambayarsa me zai rage masa bayan shekara 500, tunda duk wanda ya sani zai mutu ya bar shi. Mark, haƙora a zube, ya amsa cewa zai rage masa shi, babansa. Nolan, wanda tun yana cikin dukan ya tuna ranar da yaron ke ƙarami yana wasan ƙwallon sanda, ya kasa ƙarasa shi, ya tashi ya bar duniya da hawaye.

J. K. Simmons ne ya yi muryar Nolan, Steven Yeun ya yi ta Mark, Sandra Oh ta yi ta Debbie.

Martanin masu kallo

Abin da ya fara tashi shi ne zancen jirgin ƙasa. Masu ɗaukar kansu a bidiyo yayin kallo sun cika YouTube, ana ganin wasu na rufe fuska, wasu na tsayar da kallon su miƙe. Hatta waɗanda suka karanta mujallar ba su tsira ba, domin katun ɗin ya tsawaita ta'asar fiye da yadda suka sani a takarda. Akwai masu cewa jinin ya yi yawa ba gaira ba dalili. Wasu kuma sun kare shi da cewa a finafinan sadaukai ana rusa birane ba a nuna gawa ko ɗaya, nan kuwa an tilasta wa mai kallo ya ga su wa ke cikin benayen.

Amma abin da ya fi daɗewa ba jinin ba ne. A wurin dutsen akwai inda Nolan ya sunkuya kan ɗansa, ya ɗora yatsu biyu a gefen nasa kan, yana daka masa tsawa ya yi tunani. Cikin kwanaki kaɗan, wajajen farkon watan Mayu, wannan hoto ya mamaye Twitter da sunan "Think, Mark!" Masu zane suka riƙa cire uban da ɗan suna sa wasu taurarin katun da na wasannin bidiyo a tsayuwa iri ɗaya, wasu kuma suka bar hoton suka sauya maganar zuwa gardama kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar abinci ko jarrabawa. Abin lura, wurin da ya fi ko'ina ban tausayi a zangon shi ne ya zama abin dariya, kuma mutane da yawa ta hoton suka gano shirin, sun riga sun san ƙarshensa kafin su fara. Maganar dabbar gida ita ma ta zama karin magana a tsakanin masoya, ana jefa ta duk lokacin da wani ya nemi wanke Nolan.

An yi ta yabon Simmons da Yeun. Wata gardama da ba ta mutu ba ita ce ko Nolan ya cancanci yafiya. Zanguna na gaba sun ƙara rura ta. An kuma riƙa gwada shi da Homelander na shirin The Boys, shi ma na Amazon, kan wa ya fi mugunta da wa zai ka da wani.

Ƙorafi

Wasu sun soki ingancin zanen a zangon gaba ɗaya, suna cewa an tara ƙoƙari a wuraren faɗa an bar sauran a sandare. 

Bayan haka

Ranar 29 ga Afrilun 2021 Amazon ya sanar da ƙarin zango biyu. Na biyun bai fito ba sai 3 ga Nuwamban 2023, jiran da ya haura shekara biyu da rabi, kuma masoya sun mayar da jiran kansa abin zolaya. A watan ne aka saka Omni-Man cikin wasan bidiyo na Mortal Kombat 1 da muryar Simmons, ɗaya daga hanyoyin da yake ƙarasa abokin karawa kuwa ita ce ta jirgin ƙasa. Zango na uku ya fara a watan Fabrairun 2025.