Karatun Fim da Zanen Gine-gine a Ƙasashen Waje

Fim da zanen gine-gine fannoni ne biyu da jami'o'i da makarantun fasaha kan ware musu hanyar ɗaukar ɗalibai ta daban, domin sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya wadatarwa, sai mai nema ya nuna aikin hannunsa. Iyakar kamancinsu ke nan. Zanen gine-gine sana'a ce da doka ta tsara a yawancin ƙasashe, ba a kiran mutum akitek, wato mai zanen gine-gine, sai yana da rajista, shi kuwa darakta babu mai tambayarsa lasisi. A kan wannan bambanci zaɓen makaranta ya rataya.

Tarihi

Koyar da zanen gine-gine a aji ya samo asali ne daga Faransa, inda aka kafa kwalejin sarauta ta wannan fanni a Paris a 1671. Daga baya École des Beaux-Arts ta gaji aikinta, da tsarin da ɗalibai ke taruwa a ɗakin wani gwani suna zane ana yi musu gyara. Wannan tsari shi ne kakan sutudiyon da ake gani a makarantun yau. A Landan wasu matasa masu koyon sana'ar, da suka gaji da zaman almajirci a ofisoshin iyayen gidansu, sun kafa Architectural Association a 1847. Amurka ta biyo baya da sashen zanen gine-gine na jami'ar MIT, wanda aka kafa a 1865, aka fara darussa 'yan shekaru bayan haka. Sai makarantar Bauhaus, wadda akitek Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919. Ta koma Dessau a 1925, aka rufe ta a Balin a 1933 saboda matsin gwamnatin Nazi. Shekaru 14 kacal ta yi, amma shekarar share fage da ta ɓullo da ita, inda ake sa ɗalibi ya sarrafa takarda da katako da launi kafin ya zana gini, ta bazu a duniya bayan malamanta sun yi hijira, musamman zuwa Amurka.

A wannan shekara ta 1919 aka buɗe VGIK a Mosko, wadda ake ɗauka a matsayin makarantar fim mafi tsufa. Kayan ɗaukar hoto sun yi ƙaranci a lokacin, har ɗaliban Lev Kuleshov, wani malami a makarantar, kan yi atisaye ba a ɗaukar komai, ko su warware tsofaffin finafinai su sake haɗawa, abin da ya sa nazarin tace hoto, wato yankawa da haɗa fim, ya yi ƙarfi a can. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta fara kwas ɗinta na fim a 1929, Centro Sperimentale ta Rum a 1935, IDHEC ta Paris a 1943, wadda La Fémis ta maye gurbinta a 1986. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami FAMU a Prag a 1946, makarantar Łódź ta Polan a 1948, ta Beijin a 1950, ta Pune a Indiya a 1960, da NFTS ta Ingila a 1971. A zamanin yaƙin cacar baki Tarayyar Sobiyet ta riƙa ba baƙi gurabe, kuma ta haka daraktocin fim Souleymane Cissé na Mali da Abderrahmane Sissako na Muritaniya suka yi karatu a VGIK. Ƙungiyar makarantun fim ta duniya, CILECT, an kafa ta a tsakiyar shekarun 1950.

Zaɓen makaranta

A zanen gine-gine abin dubawa na farko shi ne ko hukumar rajista ta ƙasar da mutum zai yi aiki ta amince da digirin. A Birtaniya tsarin da aka saba da shi mataki uku ne na RIBA, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasar: shekara 3 ta digirin farko, shekara 2 ta gaba, aƙalla shekara 2 ta aiki a ofis, sannan jarrabawar ƙarshe, jimla shekara 7 kafin rajista da hukumar ARB. Ana kan yi wa tsarin gyara. A Amurka hukumar NAAB ke tantance digiri, ko dai digirin farko na B.Arch na shekara 5 ko digiri na biyu na M.Arch, kuma digirin shekara 4 shi kaɗai ba ya kai mutum ga lasisi a yawancin jihohi. A nan ne masu nema da yawa kan yi tuntuɓe, saboda sunayen digirorin sun yi kama da juna. Yarjejeniyar Canberra ta 2008 ta sa wasu hukumomin tantancewa sun amince da matakin karatun juna, amma ba ta ba kowa izinin aiki ba.

A fim kuwa abin tambaya shi ne finafinai nawa ɗalibi zai shirya kafin ya gama, wa ke biyan kuɗinsu, wa kuma ya mallake su. Wasu makarantu tun daga shiga suke raba ɗalibai zuwa ba da umarni, ɗaukar hoto, rubutun labari, sauti ko tace hoto. Ana yawan rikita nazarin fim, wanda karatu ne na tarihi da sharhi, da shirya fim. Ko zuwa makarantar fim dole ne, an daɗe ana gardama a kai ba a daidaita ba.

Harshe ma yana yanke hukunci. Gasar shiga La Fémis da Faransanci ake yin ta, Łódź na koyarwa da harshen Polan, FAMU kuma tana da sashen da ke koyarwa da Ingilishi.

Neman gurbi

Kundin ayyuka shi ne ƙashin bayan takardun nema. Makarantun gine-gine sun fi son zanen hannu na abin da ido ya gani, da hotunan ƙananan samfura na kwali, da shafukan gwaji waɗanda ke nuna yadda tunani ya sauya, fiye da taswirar gida da aka goge a kwamfuta. A fim ana neman gajeren bidiyo na 'yan mintoci, ko jerin hotuna masu ba da labari babu magana, tare da bayyana ainihin aikin da mai nema ya yi a ciki. Labari ake dubawa, tsadar kyamara ba ta ƙara maki. Bayan haka akwai wasiƙar bayyana manufa, wasiƙun shaida daga malamai, sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL, da hira.

Digirin farko a Birtaniya ta shafin neman gurbi na UCAS ake nema, zaɓi biyar, wa'adi a watan Janairu, amma na Kambrij 15 ga Oktoba. Amurka na da irin wannan shafi mai suna Common App, jami'o'in Jamus da dama na bi ta uni-assist, Faransa kuma ta Campus France. Biza sai da shaidar samun gurbi daga makaranta, wato takardar I-20 a Amurka, ko lambar CAS a Birtaniya.

Kuɗi

Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai jihar Baden-Württemberg ta sa wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 a kowane zango tun 2017. Tallafin karatu na DAAD, Chevening, Fulbright da Erasmus Mundus galibi na masu digiri na biyu ne. Kuɗin kwali da buga manyan zanuka, ko na shirya fim ɗin kammalawa, sau da yawa ba ya cikin abin da makaranta ta bayyana.