Garkuwar gayya a wajen ƙudan zuma

Garkuwar gayya ita ce kariyar da ƙudan zuma ke yi wa amyarsu daga cuta ta hanyar aikin haɗin gwiwa, ban da garkuwar da kowannensu ke ɗauke da ita a jikinsa. Akwai nau'in ƙudan zuma kusan 20,000 a duniya, kuma yawancinsu zaman kaɗaici suke yi. Waɗanda ke zaman tare sun gaji babban haɗari, domin dubbai ne 'yan uwa ɗaya, cunkushe a wuri mai ɗumi, suna ba juna abinci baki da baki. Duk wanda ya ga yadda mura ke zagaye gidan haya a unguwar Aboabo ko Asawase ta birnin Kumasi ya san abin da irin wannan zama ke jawowa.

Da aka gama karanta kundin ƙwayoyin halittar ƙudan zuma a 2006, an tarar cewa ƙwayoyin da ke kula da garkuwar jikinsa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda sauro ke da su ba. Masana da dama sun ɗauka cewa zaman tare ne ya sa ya zubar da makamansa, tunda 'yan uwansa na amya suna kare shi. Binciken da aka wallafa a 2015 ya gyara wannan fahimta, domin an ga ƙarancin har a jikin nau'in da ke zaman kaɗaici, wato ya riga zaman tare zuwa. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne cewa gayyar katanga ce ta biyu da aka gina a bayan ta farko.

Mafi ban sha'awa a cikin wannan gayya ita ce tsafta. A 1964 Walter Rothenbuhler ya nuna a Amurka cewa halin fitar da tsutsa marar lafiya, wato ɗan ƙudan da bai gama girma ba, abin gado ne. Ma'aikaciya, wato macen ƙudan da ke hidimar amya, takan sunsuno ramin da ɗa ya kamu, ta huda murfin kakin, ta jawo shi ta jefar a waje tun cutar ba ta kai ga yaɗuwa ba. Wasu kuma aikinsu ɗaukar gawa, sukan tashi da ita su yar nesa da amya. Suna roron ƙaron itatuwa su shafe bangon gidansu, kuma Marla Spivak da ɗalibanta a Jami'ar Minesota sun gano cewa a amyar da ta sha wannan shafe, garkuwar jikin kowane ƙuda tana samun hutu. Ɗakin renon 'ya'ya yana zama a kusan digiri 35 a ma'aunin Celsius, amma idan funfunar da ke busar da tsutsa kamar alli ta shigo, sai su ƙara ɗumin wurin, tamkar amyar ce ta yi zazzaɓi. Ita kuwa sarauniya takan sadu da maza fiye da goma, don kada cuta ɗaya ta sami 'ya'yanta duka da rauni iri ɗaya.

Zumar da ake sayarwa cikin kwalabe a kasuwar Kejetia ma tana da hannu a wannan yaƙi, saboda ma'aikata na zuba mata wani sinadari daga jikinsu mai hana ƙwayoyin cuta yabanya.

Ƙudan zuman Gana, mai suna Apis mellifera adansonii, yana cikin na Afirka da suka fi na Turai jure wa Varroa, ƙaramar kaskar da ta tsallako daga ƙudan zuman Asiya. Yana kuma da saurin ƙaura. Mai kafa amya yakan iske akwatinsa wayam ya kira abin asara, alhali sau da yawa ƙudan sun bar tsohuwar saƙa ne tare da ƙwarin da suka addabe su, sun je sun kafa sabuwa a kogon wata bishiya.