Waiwaye: Eddie Robinson da ƙungiyar Grambling

A 1941 wata ƙaramar kwalejin baƙar fata da ke garin Grambling, arewacin jihar Louisiana a Amurka, ta ɗauki saurayi ɗan shekara 22 mai suna Eddie Robinson aikin koci na ƙwallon Amurka, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Albashinsa dala 63.75 ne a wata. Ba shi da mataimaki. Shi ke zana layukan fili da hannunsa, shi ke ɗaure wa 'yan wasa ƙafa kafin su shiga, in an tashi kuma ya zauna ya rubuta labarin wasan ya aika wa jaridu. Kakar farko ya ci wasa 3, aka doke shi 5. Shekara na zagayowa yaransa suka cinye wasanni 9 cif, babu ƙungiyar da ta samu ko maki ɗaya a kansu.

Ba za a fahimci ƙarfin Grambling ba sai an tuna da dokar wariyar launin fata. Manyan jami'o'in kudu irin su Alabama da LSU (Jami'ar Jihar Louisiana) ba sa ɗaukar baƙar fata a lokacin, don haka duk yaron da ya yi fice a makarantun baƙaƙe na yankin, zaɓinsa bai wuce Grambling da takwarorinta ba. Robinson ya ci moriyar wannan, amma ba a sama ya tsinci nasara ba. Salon da ya riƙe shi ne Wing-T: masu gudu uku a baya, ana yi kamar an miƙa wa wannan sai a ba wancan, yayin da ƙattin layin gaba ke zamewa gefe su share hanya. Salon yana rayuwa ne a kan daidaiton lokaci. Idan mai share hanya ya makara da taku ɗaya, mai ƙwallo zai faɗa hannun abokan hamayya tun bai bar inda ya tashi ba. Shi ya sa yake sa su maimaita dabara guda har su gaji. Da asuba kuma yakan zaga ɗakunan kwana da ƙararrawa yana tada su, domin kada kowa ya tsallake kalaci da aji.

A 1949 ɗalibinsa Tank Younger ya shiga ƙungiyar Los Angeles Rams, ɗan wasa na farko daga kwalejin baƙar fata da ya buga a NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Sama da ɗalibansa 200 suka bi sahu zuwa wasan ƙwararru, huɗu daga ciki, Willie Davis da Buck Buchanan da Willie Brown da Charlie Joiner, suna zauren gwarazan wasan.

Inda ya fi kafewa shi ne gurbin kwatabak, mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari. Masu ƙungiyoyi sun daɗe suna raya cewa baƙar fata ba shi da kan wannan aiki, sai su mayar da shi mai gudu ko mai tsaron baya. Robinson ya shirya James Harris takanas don ya karya wannan, Harris kuwa ya buɗe kakar 1969 a wannan gurbi da Buffalo Bills. A Janairun 1988 wani ɗalibinsa, kwatabak Doug Williams, ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, da ƙungiyar Washington, aka zaɓe shi gwarzon wasan.

Sai dai buɗe ƙofar da aka yi ta zo wa Grambling da asara. Daga farkon shekarun 1970 manyan jami'o'in kudu suka fara zawarcin yaran da a da Robinson ke samu cikin sauƙi, ga su da kuɗi da talabijin da manyan filaye. Duk da haka a Oktoban 1985 ya wuce nasarori 323 na Bear Bryant, tsohon kocin Alabama da ke riƙe da tarihin yawan nasara a wasan kwalejoji. Ƙarshen bai yi daɗi ba: a kakanni uku na ƙarshe ana cin sa fiye da yadda yake ci, a 1996 ma aka yi ta matsa masa lamba ya sauka, kafin a ba shi shekara guda ta sallama.

Ya ajiye aiki a 1997 da nasara 408, rashin nasara 165, kunnen doki 15, duk a makaranta ɗaya. Williams ne ya gaje shi a 1998. Robinson ya rasu a watan Afrilun 2007 yana da shekara 88, bayan fama da cutar mantuwa.